Tambayar da Na Aika Gidan Kaka Azumi

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a gidan suna da gidan biki, wai uwarku ce ta fitar da rawani daga gidan kakanku da jan biro. Ban taɓa tsayawa musu ba, don mai musu da 'yan zongo sai ya ajiye sana'arsa. Amma yanzu na yi ritaya, gwiwa ta raba ni da babur, lokaci kuwa har ya yi mini yawa. To bari in faɗa muku yadda abin ya gudana, da inda na yi kuskure, don na yi, da inda ban yi ba.

A shekarar da nake magana, kakanku Alhaji Mamman shi ne mai unguwar ɓangarenmu na Hausawa a Moshi Zongo, unguwar baƙi a nan Tamale. Ba wata babbar sarauta ba ce, kada kanku ya kumbura. Shi ke raba rigimar magudanar ruwa tsakanin maƙwabta, shi ke saukar da baƙo, shi ke kai maganar unguwa gaban masu gari, wato sarakunan 'yan ƙasa. Amma rawani rawani ne, kuma mun taso ana gaya mana cewa kakanmu Malam Garba ne ya fara riƙe shi, daga shi sai Baba. Baba ya tsufa, ido ya fara hazo, kowa kuma ya san cewa bayan Babbar Sallah dattawa za su zauna a naɗa Yaya Bashiru. Ba wanda ya ga laifin haka. Yaya ya ajiye tuƙin babbar mota zuwa Kumasi, ya zauna gefen Baba shekara da shekaru yana ɗaukar masa wahalar jama'a. Ni kuwa ina unguwar Nyohini da babanku, Allah ya jiƙansa, ina koyar da tarihi a babbar sakandare, ba ruwana da maganar rawani.

A zangon karatu na biyu muka iso babin mulki da yadda masu mulki ke riƙe jama'a: sarakunan da, zuwan Turawa, 'yancin kai, soja, zaɓe. Babi ne mai nama, amma yaran nan sun mayar da shi ƙashi. Darasina bayan azahar yake faɗowa, kwanon rufi ya ɗauki zafi, cikinsu ya cika da wake da shinkafa, sai ka ga kawuna suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaye su yadda Bature ya yi mulki a Arewa, su amsa baki ɗaya, "Ta hannun sarakuna, Madam." Ka ce to me hakan yake nufi, sai kowa ya tuna yana da farce da zai duba. Ni kuma kun san ni, ba na iya ganin ana barci a kan abin da nake ƙauna. Ranar wata Alhamis haushi ya kama ni, na rufe littafi na ce kowa ya koma gida ya nemi wanda ya fi kowa tsufa, ya yi masa tambaya biyu: wa ya naɗa shugaban unguwarku na farko, kuma wa ke da ikon cire shi? A rubuta abin da aka ji, a kawo mini ranar Litinin. Na hau babur na tafi gida ina jin kaina gwanar malamai.

Ga inda na yi kuskure. A makaranta ni Madam Hadiza ce, amma a zongo ni 'yar mai unguwa ce, kuma wannan na manta. A wurinmu babba ba ya tashi da ƙafarsa ya je gidan wani ya tono magana mai nauyi. Aike yake yi, ta bakin 'ya'ya ko jikoki, don idan an ƙi amsawa kada fuskar kowa ta zube. Wanda aka aika wa kuwa, idan ya karɓi maganar, sai ya biyo baya da godiya. Na san wannan tun ina tallar koko, amma boko ya rufe mini ido. A ajin nan akwai wata yarinya Safura, mai shiru, mai kyan rubutu, jikar Kaka Azumi ta gidan Ɗanladi, layi uku daga gidan Baba. Gidajen nan biyu ana gaisawa, ana zuwa jana'izar juna, amma ban taɓa ganin kwanon abinci ya ƙetara tsakani ba. Ni mai koyar da yara su yi tambaya, ban taɓa tambayar dalili ba.

Ranar Asabar da hantsi na je gaishe da su Baba. Ina jingine babur sai ga maza uku na gidan Ɗanladi suna fitowa daga zaure cikin rigunan Juma'a, suna fara'a, har babbansu Malam Isa tela ya tsaya ya sa mini albarka. A zaure na tarar da ƙullin goro da zabo ɗaure a gaban Baba, Yaya Bashiru na tsaye kamar an dasa shi.

"Hadiza," in ji Baba, "me kika aika gidan Azumi da sunana?"

Na ce, "Ni? Ban aika komai ba, Baba."

"To godiya suka zo yi. Sun ce Allah ya saka mini da na tuna, na aiko a tambaya."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na fara bayani, aikin makaranta ne, duk ajin na ba, ba Safura kaɗai ba. Mahaifiyarmu Mma tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, ba ta ko ɗago kai ba ta jefo tata.

"Duk ajin 'yan gidan Ɗanladi ne? Kin yi karatu har kin wuce gidanku, 'yar nan."

Ranar Litinin Safura ta ajiye mini shafi shida. Na karanta a ɗakin malamai, shayina ya huce ban sani ba. Ta rubuta cewa da ta ce wa kakarta, "Madam Hadiza ta ce in tambaye ki," tsohuwar ta ce, "Hadiza ta gidan Mamman?" Da aka ce ita, sai Kaka Azumi ta ce a jira. Ta shiga ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta sa aka kira 'ya'yanta maza aka shimfiɗa tabarma, sannan ta buɗe baki. Ta ce mahaifinta Malam Ɗanladi ne mai unguwa na farko, jama'a suka zaɓe shi tun ana saukar da fatake masu goro. Tana ƙarama Baturen Disi, wato mai mulkin gundumar, ya aiko a ba shi sunayen samarin unguwa don aikin hanya na tilas. Malam Ɗanladi ya ce shi ba ya rubuta sunan ɗan wani. Aka kira shi gaban ofis, aka ce ya kwance rawaninsa a tsaye, ita tana riƙe da zanen uwarta tana kallo. Bature ya miƙa rawanin ga mataimakinsa Garba, don yana jin ɗan Turanci. Da yamma Garba ya zo gida yana hawaye, ya ce wa mahaifinta riƙo ne kawai, idan ƙura ta lafa zai dawo da shi. Bature ya tafi, ƙasa ta sami 'yanci, Malam Ɗanladi ya rasu, rawani bai dawo ba. A ƙasan shafi na ƙarshe Safura ta ƙara layi ɗaya da hannunta: "Madam, yanzu na gane ta hannun sarakuna." Wallahi na ji daɗi, na kuma ji tsoro, kuma tsoron ya fi yawa.

Washegari da yamma Yaya Bashiru ya same ni a Nyohini. Bai zauna ba, ruwan da na kawo ma bai taɓa ba.

"Abu biyu za ki yi," in ji shi. "Ki je ki gaya musu Baba bai aiko ba. Takardar yarinyar kuma ki rubuta mata tatsuniya ce, ki ba ta sifiri, magana ta mutu kafin Sallah."

Na ce, "Na farko zan yi, Yaya, don gaskiya ne. Na biyun ban san ko gaskiya ne ba."

"Sai kin sani? Ni ba ɗan'uwanki ba ne?"

Ku fahimce ni, kawunku ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Lokacin da matan unguwa ke cewa Baba zai lalata 'ya da boko, shi ne yake ɗora ni a bayan kekensa kullum safiya ya kai ni makaranta, ya zagi duk wanda ya yi mini dariya. Duk abin da na zama, da ƙafarsa aka tuƙa. Shi ya sa na nemi hanyar matsorata. Na ɗauki jan biro na rubuta a takardar Safura cewa aiki ya yi kyau, amma tarihi ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya, ta nemo shaida ta biyu kafin in ba da maki. Ka'ida ce ta gaskiya, ina koyar da ita kowace shekara, amma a ranar ba don ka'ida na rubuta ba. Na rubuta ne don na tabbata ba za ta samo ba. Kwana biyu bayan haka, da aka tashi, yarinyar ta tsaya har aji ya watse, ta zo gaban teburina tana murza gefen hijabinta.

"Madam, Kaka ta ce waɗanda suka gani duk sun rasu. Saura mutum ɗaya da aka faɗa wa."

Na ce, "To ki je ki same shi."

"Yana gidanku, Madam."

Ban taɓa jin kunyar ɗaliba ba irin ta ranar. Na ce ta tafi, zan neme ta. Daga makaranta ban zarce gida ba, na wuce gidan Ɗanladi in sauke nauyin farko. Kaka Azumi na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa, ta karɓe ni da murna har tana cewa a kawo wa 'yar Mamman kujera. Na durƙusa na gaya mata cewa Baba bai aiko ba, ni ce na ba yara aikin makaranta ban yi tunani ba, ta yafe mini. Hannunta ya tsaya cikin waken.

"Ashe ba a aiko ba," ta ce.

Na ce, "Ba a aiko ba, Kaka."

"To ba komai. Da zan mutu da ita a ciki, ga shi na faɗa, an rubuta. Ki gaishe da ubanki."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fito ina tura babur da hannu don idona bai ga hanya sosai ba. Na tarar da Baba shi kaɗai a zaure bayan la'asar, yana jan carbi. Na zauna a bakin tabarma na ce ina da tambaya. Ya ce da wane baki, na 'yarsa ko na malama? Na ce na 'yarsa, malamar ta riga ta gama ɓarnarta. Na tambaye shi ko abin da Kaka Azumi ta faɗa gaskiya ne. Ya ce in tashi in tafi gidan mijina, magariba ta kusa. Na tashi, amma a bakin ƙofa bakina ya ƙi bin umarni, kun san halinsa. Na ce masa na je na gaya mata bai aiko ba, kuma ranar da ta ɗauka ya aiko, sai da ta yi wanka kafin ta amsa. Carbin ya tsaya.

"Wanka ta yi?"

"Har da sabon zane, Baba."

Na fita na bar shi da carbinsa. Fiye da mako ina zuwa gaisuwa yana amsa mini da "lafiya" kawai, Mma kuma tana zuba mini tuwo tana cewa in ci, mai tada ƙura ma tana bukatar ƙarfi. Takardar Safura na cikin jakata ba maki, ina yawo da ita daga aji zuwa aji. Sai ranar wata Laraba da safe ya aiko a kira ni kafin in tafi makaranta. Na same shi ya yi shiga, sandarsa a hannu, Yaya na gefe ya juya mana baya.

"Ubana ya faɗa mini a ciwon ajalinsa," in ji Baba. "Ya ce rawanin nan riƙo ne, ni na kasa mayarwa, kai ka mayar. Na ce to. Na ce bari a yi arba'in, na ce bari a shekara. Hadiza, akwai daɗi ka shigo wuri mutane su miƙe. Ba wani dalili ban da wannan."

Yaya ya ce, "Baba, ka tuna da ni."

"Ina tune da kai. Shi ya sa ba zan bar maka abin da aka bar mini ba."

Ya ce Yaya ya kama masa hannu su je, Yaya ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan nan ba. Sai Baba ya miƙo mini hannun. Akwai lungu ta baya da zai kai mu ba wanda ya gani, na nufi can, ya ja ni ya ce ta babban layi. Muka wuce masu koko da ƙosai, muka wuce masu faci, kowa ya bar abin da yake yi yana kallo, mai unguwa da kansa, ba aike, zai shiga gidan Ɗanladi. Ya tsaya a tsakar gidan ya yi sallama, Kaka Azumi ta fito da tsohon zanenta na aiki, ta ce a ba ta minti ɗaya ta sauya. Baba ya ce a'a, ta yi wankanta tun tuni, shi ne ya makara. Abin da suka faɗa wa juna bayan haka ba zan rubuta ba, nasu ne. Na dai makara a makaranta, hedimasta ya yi mini faɗa, na karɓa da hannu biyu. A ranar na ba Safura makinta cikakke, na rubuta sunan shaida ta biyu da hannuna.

Bayan Sallah dattawa suka zauna. Mata ba sa shiga, amma Mma ta ajiye turminta a gindin taga, don haka ba abin da ya wuce mu. An kai ruwa rana. Wasu suka ce abin da ya wuce ya wuce, wasu suka ce amana ba ta tsufa. A ƙarshe liman ya kawo shawarar a bi abin da muka gani wurin masu gari, a yi ƙofa biyu, rawani ya riƙa zagayawa tsakanin gidajen. Da yake mu mun riƙe sau biyu, aka fara da su. Aka naɗa Malam Isa tela, Baba da kansa ya ɗaura masa, aka kai shi gaisuwa wurin masu gari. Kaka Azumi ta ga wannan da idonta, ba ta kai wata Sallar ba. A aji kuwa ban ƙara ganin mai barci ba har ƙarshen zango. Ban taɓa ambaton sunan gida ba, amma a Tamale wa za ka ɓoye wa? Da muka zo kan mulkin soja, wani yaro daga bayan aji, wanda da ko sunansa aka kira sai an maimaita, ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, shi kuma wannan wa ke da ikon cire shi?" Tun daga shekarar nake ba da wannan aikin, amma sai na fara rubuta wa iyaye takarda cewa daga makaranta ne, ba daga gidan kowa ba. Safura ita ma yanzu alli ne a hannunta, kuma an ce ta fi ni zafi.

Abin da na biya kun gan shi da idonku, ko da ba ku gane ba. Ku tuna Sallolin da nake kai ku ko'ina ban da gidan kawunku, kuna tambaya ina ce muku ya yi tafiya. Bai yi tafiya ba. Ya koma tuƙi da furfura a kansa, ya daina shiga gidana, idan mun haɗu a hanya ya ɗaga hannu kamar yadda ake yi wa maƙwabcin nesa. Ranar da Baba ya rasu na durƙusa na yi wa Yaya ta'aziyya, ya ce "Allah ya jiƙansa" yana kallon bango. Na yi kuka a kan wannan fiye da yadda na bari kuka gani. Sau da yawa na tambayi kaina, da na san inda tambayar nan za ta kai, zan ba da ita? Gaskiya ban sani ba. Na dai san cewa bayan ta fito ba zan iya rubuta ƙarya a takardar 'yar mutane ba, kuma rawanin ba ni na mayar ba, kakanku ne, da ƙafarsa, ta babban layi. Idan za ku gaji wani abu daga gidan nan, wannan tafiyar ku gada.

Shekara shida muna haka. Wata Asabar da safe ina shara a ƙofar gida sai na ji babur ya tsaya. Yaya Bashiru ne, da autarsa Amina a baya, rungume da sabuwar jaka. Bai sauka ba, bai kashe injin ba, ƙafa ɗaya kawai ya sauke. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon tsintsiyar hannuna.

"Ta ci sakandare," ya ce. "Makarantarku aka tura ta. Na ce ta zaɓi kimiyya, ta ce tarihi. Taurin kan nan na san inda ta samo shi."

Na ce, "Allah ya yi mata albarka."

"Idan kun zo kan maganar gidanmu, ki faɗa mata daidai. Kada ki rage don ni." Ya gyara zama a kan babur. "Amma ki faɗa mata har da cewa na so abin nan, kuma na yi masa wahala."

Na ce, "Zan faɗa mata, Yaya. Zan fara da keken."

Ya dube ni, karo na farko cikin shekara shida ya dube ni a ido. Na ce akwai koko da zafinsa a ciki. Ya ce shi sauri yake, yana da lodi. Amina ta riga ta sauka ta shige gida abinta tana kiran sunayenku. Ya bi ta da kallo, ya girgiza kai, sannan ya kashe babur.